Daga wasan talabijin zuwa babban fim: hanyar da nake nuna wa 'yan matan Zango

Shekara goma sha huɗu ke nan ina yi wa 'yan wasa kwalliya a Kumasi, daga finafinan Tuwi har zuwa ƙananan wasannin Hausa da muke ɗauka a Aboabo da Asawase. Da wuya yarinya ta zauna a kujerata ban gama shafa mata hoda ba ta ce, "Inna, yaya zan yi in wuce nan?" Sai in ɗauko mata labarin Salma Hayek, 'yar wasan fim 'yar Meziko, domin matakalar da ta taka ana iya ƙirga ta.

Da farko, 'yata, kada ki raina wasan talabijin mai dogon zango. Salma tana da shekara 23 ta fito a Teresa, wasan gidan Televisa na 1989, ƙasarta duka ta san fuskarta. Irin wannan aiki makaranta ce: kullum kina gaban kyamara, kina haddace magana da safe ki faɗe ta da rana, kina koyon inda haske yake faɗo miki. Ki yi shi da gaske, ki zo kan lokaci ko da tarotaro, motar haya, ya tsaya a Kejetia.

Amma ki san ranar tashi. A 1991 ta bar wannan suna ta koma Los Angeles, inda ba wanda ya san ta, Turancinta bai nuna ba, ga matsalar da ke sa haruffa su riƙa cakuɗe mata wajen karatu. Ta shiga ajin koyon wasa na Stella Adler, ta zauna kamar sabuwar ɗaliba. A nan ne 'yan matanmu suke faɗuwa. Yarinya an fara nuna ta da yatsa a kasuwa, sai ta ga ta fi ƙarfin aji. Ni kuwa ina ganin wannan matakin ya fi kowanne nauyi. Ke 'yar Zango kin riga kin tashi da Hausa da Tuwi, wata ma har da Dagbanci, to ki ƙara Turanci mai kyau, ki riƙa karanta jarida da ƙarfi kina ɗaukar muryarki a waya kina saurare. In da hali ki nemi Faransanci, domin bikin finafinai na FESPACO a Wagadugu, wanda ake yi duk shekara biyu, nan kusa yake da mu. In kina da takardu, akwai makarantar koyon aikin fim a Accra, wadda aka kafa a 1978 da sunan NAFTI.

Sannan ki haɗa samfurin aikinki. Minti uku ya isa: wuri ɗaya kina kuka, ɗaya kina dariya, ɗaya kina sauraro kawai ba ki ce uffan ba. Na ƙarshen nan shi darakta yake dubawa. Kada ki cika kwalliya, ni mai kwalliya nake gaya miki. Fuskar da aka lafta wa hoda ba ta motsi.

Ki karɓi ƙaramin matsayi, ki kuma yi magana duk inda aka miƙa miki makirufo. Salma ta yi shekaru tana 'yan ƙananan fitowa kafin darakta Robert Rodriguez ya gan ta a wata hirar talabijin, ya ba ta Desperado a 1995 tare da Antonio Banderas. Sai dai ƙaramin matsayi daban, wulaƙanci daban. Wanda ya ce ki same shi a otal da dare don gwaji, ki ce za ki zo da yayanki da rana. Komai kuma a rubuce. Na taɓa yi wa wani mai shirya fim aikin sati uku a kan baki kawai, na sayi kayan shafa da kuɗin adashina, har yau ban ga sidi ɗaya ba.

Mataki na ƙarshe shi ne ki mallaki labari. A Amurka an yi ta ba Salma matsayin kyakkyawar baƙuwa, sai ta kafa kamfaninta, Ventanarosa, ta yi shekaru tana fafutukar fim a kan mai zanen ƙasarta, Frida Kahlo. Frida ya fito a 2002, aka sa sunanta cikin masu takarar lambar yabo ta Oscar ta gwarzuwar 'yar wasa, fim ɗin kuma ya ci biyu, ɗaya na kiɗa, ɗaya na kwalliya. Na sha tsayar da hoton a wayata ina kallon girar nan da aka haɗe mata a tsakiya, gashi ɗaya bayan ɗaya, yadda ta yarda a rage mata kyau don matar da take wakilta ta fito.

Mu ma muna da irin waɗannan mata. Kakanninmu da suka biyo fataken goro daga Kano ta Salaga suka zauna a nan, da hajiyoyin da suka gina gidaje da cinikin koko da ƙosai. Ki sayi littafin rubutu, ki je wajen tsohuwar gidanku bayan la'asar, ki gaishe ta, ki tambaye ta sunan garin da uwarta ta baro.