Yadda za a saka kwamfutoci a ƙaramin ɗakin gwajin fiziks

Wani kuskure da ake yi a makarantun sakandare shi ne jera kwamfutoci a kan teburan gwaji. Ranar jarrabawar aikin hannu ta WAEC ko NECO kuwa sai a rasa inda za a kafa lilo ko a shimfiɗa takardar gwajin haske. A bar teburi ga gwaji, kwamfuta ta koma jikin bango.

Aji mai ɗalibai 40 kwamfuta takwas ta ishe shi, biyar-biyar. Kafinta ya kafa kanta mai faɗin santimita 35, tsayinta santimita 90 daga ƙasa, don ɗalibai su yi aiki a tsaye, ba sai an shigo da kujeru ba. Kowace kwamfuta na son santimita 80, wato mita 6.4 ke nan gaba ɗaya. In bango ɗaya bai kai ba, a raba biyu. Tsakanin kanta da teburi a bar mita guda ta wucewa. A zaɓi bangon da ke nesa da famfo, domin ruwan gwajin zafi ba ya rasa fantsama.

Manyan akwatunan kwamfuta cin wuri ne kawai. A sayi ƙananan nan da ake ɗaurewa a bayan allon kwamfuta, amma kafin a biya kuɗi a juya allon a ga yana da ramukan sukuru huɗu na ɗaure ta, waɗanda ake kira VESA.

Wuta ita ce wurin da ba a yin arha. Kowace kwamfuta da allonta ba sa wuce wat 50, takwas ke nan wat 400. Inbata mai 1.5kVA da batir biyu masu 200Ah za su riƙe su kusan awa biyar. Mai aikin wuta ya ja layi daban da waya mai kaurin 2.5mm², cikin bututu a jikin bango, ya sa na'urar yanke wuta ta 30mA mai kare mutum daga jan wuta, ya kuma tabbatar wayar ƙasa, wato earth, na aiki. Wanda ya san tsawar damina a Jos ba zai bar na'urar kare hauhawar wuta a baya ba. Kada a ga waya a ƙasa, ƙafa ce za ta ja ta.

Allurar kamfas tana karkata kusa da lasifika da inbata, sakamakon gwajin maganaɗisu ya ɓaci malami ya ɗora laifin a kan yara. A yi wannan gwaji a tsakiyar ɗaki. Lokacin gwajin haske kuma a kashe allunan.

Intanet ba dole ba ce. A sauke PhET, manhajar kwaikwayon gwaje-gwaje ta Jami'ar Colorado, da Tracker mai auna motsi daga bidiyo, duka kyauta, a kwafa da filashi. Da hunturu ƙura kan toshe fanka har na'ura ta yi zafi ta mutu, don haka tela ya ɗinka wa kowace riga, a kuma busa ƙurar a ƙarshen kowane zango.