Yadda Ake Rubuta Shafin Godiya da Mai Karatu Ba Zai Tsallake Ba

Duk wanda ya saba sayen littattafan hikaya da ake bugawa a Kano ya san yadda shafin godiya kan cika da sunaye a jere, tun daga iyaye da malamai har zuwa maƙwabta. Yawancin masu karatu sukan haye shi su faɗa cikin labari, kuma ban ga laifinsu ba, domin sunan da ba a faɗi abin da mai shi ya yi ba, babu wanda zai amfana da shi sai mai sunan. Amma akwai masu karanta shi a natse, musamman manazarta da sababbin marubuta da ke neman sanin wanda ya duba littafin da wanda ya buga shi.

Bayan godiya ga Allah da salati ga Annabi (SAW), sai marubuci ya haɗa kowane suna da aikin da mai shi ya yi. Maimakon ya ce yana gode wa wane saboda gudummawarsa, gara ya bayyana cewa shi ne ya karanta rubutun sau biyu, ya gyara ƙa'idojin rubutu, ya kuma nuna inda aka haɗe kalmomin da ya kamata a raba. Idan littafin na bincike ne, wannan ya fi zama wajibi, domin wanda ya rubuta cewa a Gidan Arewa da ke Kaduna aka ba shi damar duba wata tsohuwar takardar ajami, ko kuwa wani dattijo ne ya rera masa waƙar da ya nazarta, ya nuna wa mai bincike na gaba ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Waɗanda aka fi mantawa da su, abin da ke damuna ƙwarai, su ne masu aikin da ba a gani: wadda ta buga rubutun a kwamfuta tana fama da ɗaukewar wuta, da mai zanen bango, da wanda ya riƙe gida lokacin da marubuci ya duƙufa. Su ya kamata a ambata kafin a kai ga attajirin da ake fatan zai saya da daraja ranar ƙaddamarwa.

A ware sadaukarwa a nata shafin. A nemi izinin mutum kafin a sa sunansa, domin wasu, musamman matan aure, ba sa son ganin sunansu a littafi. Daga ƙarshe marubuci ya bayyana cewa duk kuskuren da ya saura nasa ne, sannan ya sake bin sunayen da muƙaman ɗaya bayan ɗaya kafin a kai maɗaba'a.