Yadda za a nazarci ibadar mata a waƙoƙin Homa

Wanda ke son gane matsayin mata a addinin Girkawan dauri ya fara da babi na 6 na Iliyad, doguwar waƙar Homa, mawaƙin Girka na dauri, a kan yaƙin Girkawa da birnin Tiroy, baiti na 286 zuwa 311. Gajere ne, amma komai na ciki.

Ka ɗauki takarda ka ja layi huɗu: wa ya yi ibadar, me aka miƙa, me aka roƙa, wace amsa aka samu. A nan Hekuba, matar sarkin Tiroy, ita ta sa aka tara dattawan mata. Ta shiga taska ta zaɓo tufa mafi kyau, aikin matan Sidon, wadda ke can ƙarƙashin sauran kaya. Sai dai ba ita ta miƙa ba. Tiyano, mai hidimar ɗakin bautar allahiya Atina, ita ta buɗe ƙofa, ta ɗora tufar a gwiwar gunkin, ta roƙi a karya mashin Diyomidis, jarumin Girkawa da ya addabi Tiroy, ta yi alkawarin karsana 12. Baiti na 311 ya ce Atina ta ƙi. Masu gaggawa kan tsallake wannan baitin, su ɗauka an karɓa. Babu abin da matan suka ɓata; Atina dai tana bayan Girkawa tun farko.

Daga nan sai babi na 3 na Odisi, ɗaya waƙar ta Homa, inda dattijon sarki Nesta ya yi hadayar saniya. Lura da rabon aiki: 'ya'yansa maza ne suka sara suka yanka, matarsa da 'ya'ya mata da surukai suka rangaɗa guɗa. Bi wannan guɗar duk inda ta ɓulla. A babi na 22 tsohuwa Yurikiliya, baiwar gidan Odisiyas, gwarzon waƙar, ta so ta yi ta a kan gawarwakin manema auren matarsa da ya kashe, Odisiyas ya hana ta.

Makoki kuwa yana babi na 24 na Iliyad. Rubuta jerin masu kukan Hekta, ɗan sarkin Tiroy da aka kashe a yaƙin: matarsa Andromaki, mahaifiyarsa Hekuba, sannan Helen, matar ɗan'uwansa. Kowace damuwarta daban, kada ka haɗa su wuri guda.

Babban kuskure shi ne cusa bukukuwan matan birnin Atina na ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, irin su Tesmoforiya, cikin waɗannan waƙoƙi. Waƙoƙin sun girme wancan zamani da ɗaruruwan shekaru, kuma ba su ambaci bikin ba. Idan za ka kawo shi, ware masa shafinsa da madogararsa.