Tsinkewar jijiyar gwiwa: kurakuran da ake yi wajen zaɓe tsakanin tiyata da atisaye

Ɗan ƙwallon da ya dasa ƙafa a rairayi ya juya da ƙarfi, da ɗan kokawar da abokin karawarsa ya murɗe masa ƙafa, da ɗan kabu-kabun da babur ya danne, sukan ba da labari kusan iri ɗaya: sun ji wata ƙara a cikin gwiwa, ta kumbura kafin a yi sa'o'i kaɗan, bayan kumburin ya saɓe kuma sai ta riƙa kuɓuce musu idan sun juya. Sau da yawa wannan alama ce ta tsinkewar jijiyar gaba daga cikin jijiyoyi biyu da suka gitta juna a tsakiyar gwiwa, wadda likitocinmu ke rubutawa LCA a takarda. Aikinta shi ne hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba ko murɗewa a ƙarƙashin ƙashin cinya.

Kuskure yakan fara tun kafin a zo maganar tiyata. A nan Damagaram, wanda ya ji ciwo a gwiwa yakan ce targaɗe ne, ya nufi wajen maɗori a ja ƙafar a ɗaure, wani ma har a yi masa ƙaho ko tsaga don a fitar da "mataccen jini". Ja ba ya haɗa jijiyar da ta tsinke, tsaga kusa da gaɓa kuwa tana iya shigar da ƙwayar cuta inda magance ta ke da wuya ƙwarai. Wanda ya je asibiti ma yakan ruɗu idan an yi masa radiyo, wato hoton ƙashi, aka ce babu karaya, ya ɗauka lafiya lau, alhali radiyo ƙashi yake nunawa, ba ya nuna jijiya. Abin da ya dace shi ne likitan ƙashi ya gwada gwiwar da hannunsa, ya ɗan lanƙwasa ta ya jawo ƙwaurin gaba ya ji ko akwai abin da ke tare shi, sannan a yi hoton IRM, wanda ke nuna jijiyoyi, idan da hali. Amfanin wannan shi ne a san wace jijiya ce, domin ta gefen ciki takan warke da kanta cikin makonni idan an sa takalmin gwiwa, amma ta tsakiya da wuya ta koma yadda take. Abubuwa biyu ba sa jira: gwiwar da ta ƙage ta ƙi miƙewa, wadda ke nuna cewa guringuntsi ya yage ya maƙale, da ƙafar da ta yi sanyi ko ta mutu bayan gwiwa ta goce, domin mai yiwuwa jijiyar jini ta taɓu.

Kuskuren da ya fi cin dukiya shi ne ɗaukar cewa duk wanda wannan jijiya ta tsinke masa dole a yi masa aiki, saboda haka ake jin ana yi wa manyan ƴan wasan Turai. A 2010 an buga sakamakon wani bincike da aka yi a ƙasar Suwidin kan matasa 121 masu motsa jiki. An raba su biyu: kashi ɗaya aka yi musu tiyata da wuri tare da atisaye, ɗaya kashin aka fara da atisaye, aka bar tiyata sai ga wanda ya buƙace ta daga baya. Bayan shekara 2 ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba tsakaninsu wajen ciwo da aikin gwiwa, bayan shekara 5 ma haka, kuma kusan rabin waɗanda suka fara da atisaye ba a taɓa yi musu aikin ba. Ma'anar wannan ga malamin makaranta ko ɗan kasuwa mai zaman shago ita ce, babu dalilin sayar da gona ko dabbobi a makon farko.

Amma akwai masu kama wannan magana su wuce gona da iri, musamman masu tsoron wuƙa. Wani binciken da aka yi a Ingila, wanda aka buga a 2022 kan mutum 316 da suka daɗe da raunin kuma gwiwarsu na ci gaba da kuɓucewa, ya nuna cewa waɗanda aka yi wa tiyata sun fi samun sauƙi bayan wata 18. Binciken biyu ba su saɓa wa juna ba, mutanen ne daban. Duk lokacin da gwiwa ta kuɓuce, guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ne ke shan wahala, kuma wanda ya yi shekara yana faɗuwa yana tashi yana iya isa gaban likita da rauni biyu maimakon ɗaya. Saboda haka tambayar da ta kamata ita ce: bayan an yi atisaye na gaskiya, gwiwar tana riƙe mutum a cikin aikin da yake ci da shi? Saurayin da ke son komawa ƙwallo ko kokawa, da magini mai hawa tsani da bulo a ka, sun fi kusa da buƙatar tiyata fiye da wanda tafiyarsa miƙaƙƙiya ce daga gida zuwa masallaci da kasuwa.

Na ce atisaye na gaskiya, domin da yawa cikin masu cewa sun gwada bai yi ba, abin da suka yi shi ne kwanciya da shafa man zafi da gashi da ruwan ɗumi. Kwanciya tana ramar da tsokar cinya, kuma ita ce tsokar da ake so ta ɗauki wani ɓangare na aikin jijiyar. Mai shakka ya karɓi awon tela ya auna cinyoyinsa biyu a wuri ɗaya sama da ƙoƙon gwiwa, zai ga bambancin da idonsa. Atisaye yakan fara da abu mai sauƙi: a zauna a tabarma a miƙe ƙafa, a naɗe tawul a sa ƙarƙashin diddige, a matse cinya har ƙoƙon gwiwa ya motsa sama, a riƙe na ɗan lokaci a saki, a maimaita sau da yawa a yini. Daga nan ma'aikacin kine, wato mai koyar da atisaye a asibiti, zai ƙara nauyi a hankali, ya koyar da tsayuwa da ƙafa ɗaya, da hawa matakala, har a kai ga gudu da tsalle. Akan ba wannan kimanin wata 3 kafin a yanke hukunci, kuma ko an koma ga tiyata wahalar ba ta faɗi ƙasa banza ba, domin gwiwar da ta shiga ɗakin aiki da ƙarfinta ta fi saurin murmurewa. Yin aiki a kan gwiwa mai kumburi wadda ba ta miƙewa sosai yana ƙara haɗarin ta sandare.

Masu zaɓen tiyata kuma sukan yi kuskuren lissafi. Dangi su haɗa kuɗin aiki da na mota zuwa Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, ko zuwa Kano, ba tare da an ware ko jaka ɗaya don watannin da za su biyo baya ba. A aikin da aka saba yi ba ɗinke tsohuwar jijiyar ake yi ba. Ana yanko wata daga jikin mutum, ko daga ƙasan ƙoƙon gwiwa ko daga bayan cinya, a huda ƙashi a dasa ta, kuma tana buƙatar watanni kafin ta kama. Kafin a tashi daga Damagaram ya kamata a san wanda zai kula da atisayen idan an dawo, a kuma roƙi likitan ya rubuta tsarin da za a bi. Yana da kyau a gaya masa cewa ana durƙuso sau da yawa a yini saboda salla, domin jijiyar da aka yanko daga gaban gwiwa ta fi barin ciwo a lokacin durƙuso, wannan kuwa na iya shafar wadda zai zaɓa.

Sai gaggawar komawa fili da zarar ciwo ya tafi. Binciken da aka buga a 2016 kan ƴan wasa a Norwe ya nuna cewa haɗarin sake jin rauni yana raguwa sosai da kowane watan da aka jinkirta, har zuwa wata 9 bayan aiki. Ko a lokacin ma ba kalanda kaɗai ake dubawa ba, sai ƙarfin cinyar da aka yi wa aiki ya kai aƙalla kashi 90 cikin 100 na ɗayar, kuma mutum ya iya tsalle da ƙafa ɗaya ya sauka ba tare da gwiwar ta karkata ciki ba.