Matakan sa wa dabba ƙwayar shaida a Damagaram

Ƙwayar nan ta lantarki ce (microchip), ana sa wa dabba ita a jiki don a gane mai ita. Ba ta wuce girman ƙwayar shinkafa ba, tana ɗauke da lamba mai alƙaluma 15, ba ta da batir.

Da farko ka je wurin likitan dabbobi, ka tambaya ko yana da ƙwayar da na'urar karanta ta. In babu na'urar, ajiye kuɗinka.

Sai ya fara shafa na'urar a jikin dabbar, ko an taɓa sa mata wata. Bayan nan ya cusa ƙwayar da allura: kare da kyanwa a ƙarƙashin fata, doki kuwa a gefen hagu na wuya. Kada ka gwada da kanka.

Kafin ka tafi, a sake karanta lambar a gabanka, a rubuta ta a takardar rigakafi tare da sunanka da lambar wayarka. Nan mutane ke sakaci. In ka canja lambar waya, ka koma a gyara.

Ka ɗauki hoton dabbar da alamominta, musamman dokin hawan Salla. Ƙwayar ba ta nuna inda ɓarawo ya kai shi, sai dai in an gan shi a kasuwa, lambar ce za ta raba gardama gaban jandarma.