Yadda za ka zaga Elefsina a yini guda

Elefsina ƙaramar hukuma ce a bakin teku, kimanin kilomita 20 yamma da Atina, babban birnin Girka. In ka hango ta daga mota, matatar mai da kamfanin siminti da tsofaffin jiragen ruwa masu tsatsa za ka gani, har ka ce me za a kalla a nan. Kada ka juya.

Fara da zaɓen rana. Ka guji Talata, domin wuraren tarihi da yawa a Girka ba sa buɗewa ranar. In lokacin zafi ne ka yi sammako, filin kayan tarihin garin duwatsu ne zalla, inuwa ta yi ƙaranci.

Sai ka biyo titin Iera Odos, wato Tsattsarkar Hanya. Ita ce mutanen da suke takawa a ƙafa daga unguwar Kerameikos a Atina duk shekara, su zo bautar Dimita, wadda suka ɗauka allahiyar hatsi ce. Kai ka hau mota.

Da ka shiga filin kayan tarihin, kada ka yi gaggawa. Kusa da babbar ƙofa akwai tsohuwar rijiya, inda tatsuniyarsu ta ce Dimita ta zauna tana baƙin cikin sace 'yarta Fasifoni. Gaba kaɗan ga wani kogo da suke cewa ƙofar lahira ce. Daga nan sai Telesterion, kangon zauren bauta da a da yake cin dubban mutane. Zauna a kan matakalan da aka sassaƙa a jikin dutsen, ka dubi tsakar filin. Abin da ake yi a wurin da dare, ba a faɗa. Wanda ya tona, hukuncinsa kisa, kuma bakin mutanen ya riƙu ɗaruruwan shekaru, har dakarun Alarik, sarkin ƙabilar Visigoth, suka rusa wurin a wajen shekarar 396.

Yanzu hau tudun. Akwai gidan adana kayan tarihi, amma ni abin da ya fi burge ni shi ne 'yar cocin da ke saman, Panagia Mesosporitissa, sunan da ke nufin tsakiyar lokacin shuka. Bikinta 21 ga Nuwamba ne, kuma mutanen gari kan kawo dafaffiyar alkama da wake da sauran tsaba a sa musu albarka. Addini ya sauya, hatsi na nan a wurinsa.

Da la'asar ka gangara bakin teku, ka nemi tsohuwar masana'antar man zaitun. A cikinta ake bikin Aeschylia a ƙarshen lokacin zafi, don tunawa da Aeschylus, marubucin wasan kwaikwayo da aka haifa a garin wajen shekara 525 kafin haihuwar Annabi Isa. Irin waɗannan kangaye aka mayar dandalin wasanni lokacin da Elefsina ta riƙe kambun Babban Birnin Al'adun Turai a 2023. In an yi sa'a akwai wasa a daren, sayi tikiti tun kafin ka zauna cin kifi.