Ragowar fentin sama ita ce sirrin nuna nisa a zane

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyon zane.

In kuna so zanen fili ya nuna nisa, ba sai kun sayi fenti kala-kala ba. Fentin da kuka shafa sararin sama da shi, ku ajiye ɗan ragowa a gefe. Duk abin da ke nesa, ku ɗiga masa wannan launin kafin ku shafa. Iya nisansa, iya yawan ɗigon.

Dalili kuwa, tsakaninku da abu mai nisa akwai ƙura da danshin iska, su ke dusashe launi. Ku hau Dutsen Dala da safe ku gani da idonku. Gidajen da ke gindin dutsen launinsu ya fito ras, har ƙofa da taga ana gani. Ku ɗaga kai wajen Goron Dutse: ya yi fari-fari, siffarsa kawai ta rage, gefensa ma ba kaifi.

Ni na daɗe ina asarar takarda, ina ƙara baƙi wai don dutse ya fito. Sai ya dawo kamar a kan hancina yake zaune! Baƙin ku bar wa bishiyar da ke gaba.

Amma a kula. Da hunturu hazon Kano ba shuɗi ba ne, ruwan toka ne mai ɗan rawaya, sai ku sirka haka. In kuma an sha ruwa a Agusta iska ta wanku tas, ku rage ɗigon, in ba haka ba zanen zai fito kamar an rufa masa labule.